Taku Talatin

Da safiyar Laraba Sista mai hoto ta buɗe kabad ɗin ɗakin hoton ƙirji, ta tarar da wayam. Babbar ambulan da ta ajiye da hannunta, mai ɗauke da hotunan ƙirjin mutum goma sha biyu, ta yi ɓatan dabo. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa inji ba, cajar wayarta ma da ta manta a kan tebur tana nan inda ta bar ta. Hotunan kawai aka ɗauke.

Mutum goma sha biyun nan duka ma'aikatan kamfanin fasa dutse ne da ke bayan gari, masu tsayuwa a bakin injin niƙa tun safe har yamma, har ƙura ta mai da girarsu fara. Tari ya yi yawa a cikinsu, bara ma an binne biyu, shi ne aka matsa wa kamfani ya kawo su a ɗauki hoton ƙirjinsu ranar Litinin. Likitan huhu kuwa sau ɗaya yake leƙo wannan ƙaramin asibiti a wata uku, kuma gobe Alhamis ce ranar zuwansa. Fim ya ƙare a ɗakin hoto, balle a ce a sake ɗauka. In hotuna ba su fito yau ba, sai kowa ya koma gida da tarinsa ya jira wata uku.

Kafin hantsi magana ta karaɗe gari. Ma'aikata suka bar inji suka cika farfajiyar asibiti, suna cewa aikin Manaja ne, don kada a ga abin da ƙurarsa ta yi musu. Manaja ya iso yana cika yana batsewa, ya ce ai su ne ɓarayin kansu, tun da ya faɗa a gaban kowa cewa duk wanda aka samu ƙirjinsa ya lalace za a sallame shi daga aiki. Mutanen asibiti kuma suka waiwaya suka nemi wanda ya fi kowa rashin gata, suka ga Iya mai shara, suka yi mata ca, wai ai ita ke riƙe da ɗaya mabuɗin. Aka ce in yamma ta yi hotuna ba su fito ba, za a kira 'yan sanda.

Ana cikin wannan hayaniya wani matashin ma'aikaci da ake kira Ango, wanda sunan ya bi shi tun bikinsa na bara, ya tada babur ya ce bari ya ɗauko baffansa.

Baffan nan shi ne Baba Mai-sawu, yayan mahaifin Ango. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata da na ɓarayin gona, idonsa kullum a ƙasa, har matarsa takan ce ya fi sanin tafin ƙafarta a kan fuskarta. Ya tsufa, ya ajiye sana'ar. Amma da ya ji hoton ƙanensa da na ɗan ƙanensa suna cikin waɗanda aka sace, ko hula bai tsaya nema ba ya ɗare bayan babur.

Ƙanen nasa Jirgi ake ce masa, don tun yana yaro ba mai iya jerawa da shi. In kuna tafiya tare, shi yana taku kai kana sassarfa. Shekara ashirin da biyu ya yi a bakin injin niƙa. Baba ya same shi zaune a ƙarshen benci a ƙarƙashin bishiya, ya jingina da bango, rigarsa a rufe ruf har wuya duk da zafin da ake yi.

"Yaya, me ya fito da kai?" in ji Jirgi. "Wannan ai ba satar shanu ba ce."

"An sace hotonka ka ce me ya fito da ni? Ni ma so nake in ga abin da ke cikin ƙirjin nan naka ban da taurin kai."

"Nawa lafiya lau. Na gan shi da idona, fari tas. Ka koma gida ka huta."

"Ka rame, Jirgi."

"Tsufa ne. Kai ka fara, ni biyo ka nake."

Suka yi dariya. Baba dai ya lura ƙanen bai miƙe ya gaishe shi ba kamar yadda ya saba, amma hankalinsa na kan aiki, ya wuce.

Ya fara da Iya mai shara. Tana zaune a ƙasa kusa da bokitinta, ta ci kuka ta ƙoshi, idanu sun yi jawur.

"Iya, share hawayenki ki gaya mini jiya."

"Wallahi Baba ban san hawa ba ban san sauka ba. Ruwan nan da aka yi jiya da azahar ne ya shigo ta taga ya jiƙa ɗakin. Sista ta tafi kai wani mara lafiya ɗakin kwanciya, ni kuma na goge, na buɗe ƙofar baya don iska ta busar, na tafi famfo wanke tsumma. Ko minti ashirin ban yi ba. Na dawo na kulle."

"Sun ce kina sayar wa ɗan gwangwan hotuna."

"Ba sayarwa nake ba, ba shi nake. Waɗanda suka lalace ne, Sista da kanta ke tara min su a kwali. Wai azurfa suke cirewa a jiki. Rabonsa da nan tun Lahadi."

Baba ya fita bakin ƙofar asibiti ya duƙa. Sawun tayar baron ɗan gwangwan yana nan a gefen kwata, amma ɗigon ruwa ya yi masa ramuka-ramuka. Baro ya wuce kafin ruwa, bai dawo ba bayansa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce a bar maganar ɗan gwangwan.

Gaban asibitin ba abin da za a karanta, don ƙafa ɗari ta tattake shi tun safe. Bayan ɗakin hoto ne ba wanda ya taka. Nan ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, kuma daga bakin ƙofar baya sawu ɗaya ya fita ya nufi tudun da tankin ruwa yake.

Da ganin sawun sai ran Baba ya ɓaci. Takalmin roba ne na kamfani, irin wanda ake raba wa kowa, ƙasansa iri ɗaya. Mutum goma sha biyun nan duk shi suke sawa, har Manaja in zai shiga wurin aiki. Takalmin ba zai gaya masa komai ba, sai dai tafiyar.

Tafiyar kuwa ta ba shi mamaki. Ɓarawo in ya fito da kaya taku yake buɗewa, yatsu su nutse, diddige ya ɗaga. Wannan takunsa gajere ne, a hankali. Baba ya ƙirga talatin, sai ga ƙafafu biyu a jere, an tsaya. Ya ce a ransa waiwaye yake, tsoro ya kama shi. Ya ƙara ƙirga talatin, sai ga wata tsayuwar, gaban takalmin ya nutse kamar an sunkuya an dafa gwiwa. Ya ce to kaya ne ya yi masa nauyi. Sai ya tuna ambulan ce, wadda ko tsohuwa za ta ɗauka da hannu ɗaya. Wannan mutum numfashi ne yake ƙare masa.

Ya tuna Manaja da ƙaton tumbinsa, yadda yake haki in ya fito daga mota. Ya aika aka kira shi.

"Ranka ya daɗe, taimaka ka raka ni saman nan, akwai abin da zan nuna maka. Bi ta nan gefe, kar ka taka min wannan."

Manaja ya biyo shi yana mita. Ya zagi ma'aikata, ya zagi asibiti, ya zagi wanda ya ƙirƙiro hoton ƙirji, ya ce inji na tsaye tun safe saboda wasu 'yan ledoji baƙaƙe. Suka yi taku ɗari bakinsa bai rufu ba, ƙafarsa ba ta tsaya ba. Baba ya waiwaya ya dubi sawunsa, kowane taku rami guda.

"Ya isa, ranka ya daɗe, koma. Wanda nake nema bai kai rabin nauyinka ba, kuma ba zai iya hawa nan yana surutu ba."

"Ka wanke ni ke nan?"

"Daga wannan dai," in ji Baba.

Ya ci gaba shi kaɗai. A tsayuwa ta huɗu ya ga abin da ya wuce shi a na baya: a gefen ƙafar hagu an ja ƙasa da gefen takalmi an rufe wani abu, sau biyu, a tsanake. Ya sa tsinke ya tone. Majina ce aka tofar, da zaren jini a ciki. Ya koma baya ya duba sauran tsayuwar, ko'ina haka.

Gabansa ya faɗi. Mahaifiyarsu mace ce mai tsabtar tsiya, in yaro ya tofar da yawu bai rufe ba, ranar kunnensa zai gaya masa. Shi kansa har yau haka yake yi, da ƙafar hagu, sau biyu. Amma ya kori tunanin. Ai ba su kaɗai aka yi wa tarbiyya a duniya ba. Kuma sawun Jirgi ya san shi kamar yunwar cikinsa, taku ɗaya nasa biyun na wani ne. Sai a lokacin ya tsaya ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga sawun. Tun da Ango ya sayi babur shekara biyu da suka wuce, a baya ake kawo Jirgi, a sauke shi a bakin ƙofa, ya zauna, a ɗauke shi.

A gindin tanki ya sami ambulan. An naɗe ta a leda biyu, an tura ta ƙarƙashin dakalin siminti inda ruwa ba ya kai, an ɗora dutse a kai don iska. Wanda ya yi wannan ba ya son hotunan su lalace. A gaban dakalin sawun ya juya ya fuskanci yamma, ya daɗe a tsaye yana canja ƙafa. Baba ya tsaya a daidai wurin ya ɗaga kai. Jiya da la'asar, bayan ruwa ya ɗauke, rana tana nan a gabansa. Mutumin ya tsaya ne yana ɗaga hotuna ɗaya bayan ɗaya yana haska su da rana. Wani yake nema a ciki. Daga nan sawun ya gangara ta ɗaya gefen ya hau kwalta ya ɓace.

Baba ya ɓoye ambulan a cikin riga ya sauko, ya shiga ta ƙofar baya.

Sista ta tura ƙofa ta kunna allon haske, farin gilashin nan da ake rataya hoto a duba. Ta riƙa ɗaga su tana haɗa lambar kowane da littafinta.

"Goma sha ɗaya ne, Baba. Babu na bakwai." Ta bi layi da yatsa. "Na Ango ne."

"Na Ango?"

"Shi ne abin mamaki. Da a ce wanda ya lalace aka ɗauke sai in gane. Amma nasa ya fi na kowa kyau a cikinsu, na tuna shi sarai. Baƙi wuluk daga sama har ƙasa."

"Baƙi kika ce? Ya fi kyau?"

"E mana. Ai a hoton ƙirji iska ce ke fitowa baƙi. Huhu mai lafiya cike yake da iska, sai ka gan shi baƙi. Fari kuma ƙashi ne, ko zuciya, ko ciwo. In ka ga fari ya bazu a inda ya kamata a ga baƙi, to ƙura ce ta zauna ta mai da wurin tabo."

Baba ya lalubi kujera ya zauna. Muryar ƙanensa ta dawo masa daga ƙarƙashin bishiya: na gan shi da idona, fari tas.

"'Yata," ya ce, "wanda bai iya karatu ba, ta yaya zai gane na Ango a cikin goma sha biyu?"

"Da sauƙi. Yana da ƙarfe da kusoshi a ƙashin kafaɗa, na haɗarin babur. Ko daga bakin ƙofa za ka hango su."

"Ranar Litinin wani ya ga hotunan?"

Ta sa hannu a baki.

"Ƙofa a buɗe take, suna zaune a benci suna jira ko akwai wanda za a sake wa. Ina rataya su ina dubawa. Wani dattijo dogo ya leƙo ya ce in nuna masa nasa. Na nuna masa. Ya ce ya na gani, na ce ba aikina ba ne in faɗa, sai likita ya zo. Haka aka koya mana, Baba, mai ɗaukar hoto ba ya faɗin sakamako. Sai na ga ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi. Na ji wani iri, amma na yi shiru. Ina cire nasa na rataya na bakwai. Ya tsaya yana kallo, sannan ya fita."

"Nuna min nasa."

Ta yi jinkiri, sannan ta zaro na uku ta rataya. Baba bai taɓa karanta hoto ba, amma yanzu an koya masa harafi ɗaya, kuma ya ishe shi. Fari ne ko'ina, ɗigo-ɗigo kamar an watsa gari a baƙin zane, a sama kuma dama da hagu ya haɗe ya zama curi-curi. Baƙin da ya rage kaɗan ne a can ƙasa. Ya dubi haƙarƙarin, ya tuna lokacin da yake yi wa yaron nan wanka yana ƙirga su da yatsa don ya sa shi dariya.

"Ana warkewa?"

"Baba, likita ne zai…"

"Na gane," ya ce. "Na gode."

Ya daɗe a zaune. Shekara arba'in yana kai mutane ƙarshen sawu, ya nuna da sanda ya ce ga shi nan, ya juya ya tafi gida ya ci abincinsa. Yau bai san yadda zai ɗaga sandar ba. In ya yi shiru, Iya za ta kwana da sunan ɓarauniya, Jirgi kuma zai ci gaba da kuka a ɓoye a kan ɗan da ba abin da ya same shi. In ya yi magana, da bakinsa zai ƙwace wa ƙanensa abu ɗaya da ya ɗauka ya tsira da shi. Ya miƙe ya ce da Sista a tara kowa.

Da la'asar ɗakin jira ya cika: ma'aikata goma sha biyu a kan benci, Manaja a tsaye da waya a hannu, mutanen asibiti a jikin bango, Iya a bakin ƙofa. Aka jawo allon haske zuwa ƙofar ɗakin hoto yadda kowa zai gani. Baba ya ajiye ambulan a kan tebur, ɗaki ya kaure da salati.

"Kafin komai," ya ce, "baiwar Allahn nan ba ta ɗauki ko tsinke ba. Waɗanda suka sa ta kuka tun safe sun san kansu, kuma bakinsu bai mutu ba."

Biyu uku suka ce Iya ki yi haƙuri, kansu a ƙasa.

"Sunan ɓarawon muke jira," in ji Manaja. "Yau ɗin nan zai bar min aiki, daga nan kuma sai ofishin 'yan sanda."

"Goma sha ɗaya ne a nan, saura ɗaya. Wanda ya ɗauka bai sayar ba, bai ƙona ba, ya naɗe na 'yan uwansa a leda don kada ruwa ya taɓa. Kuskure ya yi, kuma ni ma da na ga hoton nan jiya irinsa zan yi." Ya juya. "Sista, ban ce ki faɗi sakamakon kowa ba. Ɗauko ɗaya a kwalin ɗan gwangwan, wanda ba na kowa ba a nan, ki koya mana abin da kika koya min ɗazu."

Ta ɗauko wani tsohon hoto ta rataya. Ta nuna da yatsa ta ce, "Wannan baƙin da kuke gani iska ce. Huhu mai lafiya baƙi yake fitowa. In ya yi fari, shi ne ciwo."

Ba Jirgi kaɗai ya leƙa ƙofar nan ranar Litinin ba, kuma Baba ya ga fuska uku huɗu sun sauya. Shi dai ƙasa yake kallo, ya kasa duban ƙarshen benci inda Jirgi yake zaune.

Sai ya ji motsi. Jirgi ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe. Ya fara ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya. A ƙirjinsa, a ɗaure da tsohon mayafi, ga hoton, ya ɗan lanƙwashe, gumi ya jiƙa gefensa. Tun jiya yake jikinsa. Ya tako zuwa tebur, ya miƙa da hannu biyu.

"'Yata, duba min wannan. Don Allah kar ki ce min sai likita."

Ta goge shi da gefen rigarta ta rataya. Ga kusoshi biyar suna ƙyalli a kafaɗa, ga baƙi shimfiɗe dama da hagu.

"Ba aikina ba ne, Baba," ta ce, hawaye na zubo mata, "amma yau zan faɗa. Ban ga komai a huhun nan ba. Lafiyarsa lau."

Jirgi ya fashe da dariya, irin wadda Baba ya daɗe bai ji ba, dariyar ta juye ta zama tari, tarin ya duƙar da shi har ya dafa gwiwa. Iya ce ta ruga ta kawo masa ruwa a kofi. Ya sha, ya dube ta.

"Iya, ki yafe min. Tun safe ina kallonki kina kuka, na kasa tashi."

"Sha ruwanka," ta ce. "Na yafe."

Ya juya ga mutane yana magana guntu-guntu, yana jan numfashi a tsakani. "Ni na kai Ango kamfanin nan. Da hannuna na kai shi, na roƙa aka ɗauke shi. Na ga baƙin nan na ce shi ke nan, na ƙona wa yaro huhu, shekara biyu kacal. Matarsa ga ciki wata bakwai. Na ce in aka gani za a kore shi, ga ciwo ga zaman banza. Na ce bari in ɓoye, in nemi magani a waje ba wanda ya sani. Sauran na so in mayar, ƙarfina ne ya ƙare."

Ango yana tsaye kamar an dasa shi. Ya dubi allon, ya dubi mahaifinsa.

"Baba… kai fa ka ce mana naka fari ne tas."

Jirgi ya dubi ambulan da ke kan tebur, ya dubi Sista, ta sunkuyar da kai. Ya dubi yayansa, ya ga amsar a fuskarsa.

"E," ya ce a hankali. "Haka na ce."

Ya gyara rigarsa ya fara mayar da maɓallan. Ango ya durƙusa ya riƙe ƙafafunsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Jirgi ya dafa kansa.

"Tashi, kai da za ka zama uba. Da nawa ne baƙin naka farin, da yau ba mai iya rarrashina. Abu ɗaya nake so: bakin injin nan, ka yi sallama da shi daga yau."

Manaja ya dubi wayar da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ta zo nan ba, ya zura ta a aljihu. Ba wanda ya ƙara ambaton 'yan sanda. Sista ta mayar da na bakwai tsakanin na shida da na takwas, ta ce kowa ya zo gobe da ƙarfe takwas.

A waje Ango ya tada babur, Jirgi ya ɗaga masa hannu ya ce ya je ya jira su a bakin kwalta, shi da Yaya za su taka. Suka jera a hanyar ƙasa da ta fita daga asibiti. A rayuwarsa Baba bai taɓa rage sauri don Jirgi ba, yau ya rage har ƙafarsa tana ruɗewa.

"Ka gane ni tun a bayan ɗakin?" in ji Jirgi.

"A'a. Sai da na kai tanki ina musu da kaina. Sawun duk garin nan na sani, na kasa gane na ƙanena. Shekara biyu, Jirgi."

"Ni ma ban gane shi ba, Yaya, balle kai."

Baba yana ƙirgawa a zuci. Da ya kai ashirin da takwas sai ya tsaya, ya sunkuya yana duban ƙasa yana tona ta da sanda, kamar ya ga wani abu. Jirgi ya tsaya a gefensa ya dafa gwiwa, ƙirjinsa na shaƙa da ƙyar. Da ya samu kansa ya tofar, ya ja ƙasa da gefen ƙafar hagu, sau biyu.

"Me ka gani?"

"Ba komai. Sawun akuya ne."

Jirgi ya yi ɗan murmushi ya dafa kafaɗarsa.

"Yaya, ka riƙa ganin akuyar a ashirin da biyar. Talatin ɗin jiya ne."

Baba ya ce to. Suka ci gaba, ya fara ƙirga daga ɗaya.